Mazaɓar Da Aka Yi Wa Farce Da Fukafukai

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake dawowa ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau labarin wata mazaɓa zan ba 'yan'uwa masu karatu, watau yankin ƙasa da akan keɓe a ce mutanen cikinsa su zaɓi wakilansu na majalisa. A Amurka abin ya auku, yau fiye da shekara 200 ke nan, amma wanda ya karanta da lura zai ga labarin bai tsufa ba.

A cikin jihar Masacusets akwai wata gunduma a bakin teku, arewa da birnin Boston, ana ce da ita Eseks. A wancan zamani majalisar dattawan jihar kujera 40 gare ta, kowace shekara kuwa akan sake zaɓe. Abin da aka saba shi ne, inda iyakar gunduma ta tsaya nan iyakar mazaɓa take. Eseks tana da kujera 5. Da yake mutanen jam'iyyar Federalist sun fi yawa a cikinta, duka biyar ɗin su suka ci.

To, a farkon shekarar 1812 mulkin jihar yana hannun abokan hamayyarsu, watau jam'iyyar su Thomas Jefferson. Gwamna kuwa nasu ne, sunansa Elbridge Gerry. Da suka ga zaɓe ya ƙarato, alama kuma ba ta yi musu daɗi ba, sai suka ɗauko taswira suka zauna. Suka raba Eseks biyu. Garuruwan tsakiya, inda 'yan Federalist suka yi kaka-gida, aka tattara su wuri guda aka ba su kujera 2. Sa'an nan aka bi gefen gunduma ana tsintar garuruwa, daga kudu a zaga ta yamma har a ɓulla arewa, aka ɗinke su tamkar igiya, aka ba su kujera 3. A ciki aka jefa Marblehead, garin da aka haifi Gwamna, don ƙuri'un mutanensa masu yawa su danne na sauran garuruwa. Wannan ita ce mazaɓar Eseks ta Kudu. Masu tarihin Gerry sun rubuta cewa dokar ba ta kwanta masa a rai ba, amma duk da haka ran 11 ga Fabrairu ya sa mata hannu.

Ran 26 ga Maris wata jarida ta 'yan Federalist mai suna Boston Gazette ta buga taswirar mazaɓar nan. Mai zanen ya yi mata kai da haƙora a wajen garin Salisbury, ya yi mata fukafukai, ya sa mata farce a wajen Salem da Marblehead. Akwai wata 'yar dabba mai kama da ƙadangare, Turawa suna ce mata salamanda. Sai aka haɗa sunanta da na Gwamna, aka raɗa wa dodon suna Gerimanda.

Ku dubi abin da zaɓe ya haifar. A Eseks, inda dā ba su da ko kujera ɗaya, mutanen Gwamna suka tashi da 3. A jihar baki ɗaya 'yan Federalist sun sami ƙuri'a fiye da 51,000, abokan hamayyarsu kuwa ɗoriya kaɗan bisa 50,000. Amma da aka zo rabon kujeru, masu ƙarancin ƙuri'a suka kwashe 29, masu rinjaye suka tsira da 11. Jama'a, a cikin wannan lissafi ba sai an saci akwati ba, ba sai an ƙara ƙuri'a ko ɗaya ba. Kowa ya jefa tasa an ƙirga. Tun ranar da aka ja layi aka gama zaɓen, sauran duk cika al'ada ne.

Sai dai Hausawa sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kujerar Gwamna ba ta da layin da za a karkata, don jihar duka ce ke zaɓe, saboda haka a wannan shekara Gerry ya fāɗi, Caleb Strong ya hau. Cikin watan Yuni kuma Amurka ta shiga yaƙi da Ingila. Mutanen bakin tekun nan da jiragen fatauci suke ci, yaƙi ya tsai da kasuwarsu, suka juya wa jam'iyyar da ta kawo shi baya. A zaɓen 1813 mazaɓar da aka ƙera don su ta kuɓuce musu, majalisa ta koma hannun 'yan Federalist, aka soke dokar.

Shi kuwa Gerry ba ƙaramin mutum ba ne. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin Amurka ta 1776, ya kuma zama mataimakin shugaban ƙasa a 1813, a kan wannan matsayi ya rasu a 1814. Amma yau in an ambaci sunansa, dodon nan akan fara tunawa. Wannan abin lura ne ga kowane ma'aikaci da akan kawo wa takarda ya sa hannu alhali zuciyarsa tana ƙi.

Kada wani ya zaci dabarar ta mutu tare da dokar. A 1964 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa dole mazaɓun majalisar jiha su yi kusan daidai wajen yawan mutane. Hukunci ne mai kyau, amma mai wayo yana iya daidaita yawan mutane ya kuma karkata layi. A 2019 kotun nan ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙarar layin da aka ja don amfanin jam'iyya.

Mu ma abin ya shafe mu, don tun 1979 muka ɗauko fasalin mulki irin nasu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce majalisar kowace jiha kada ta kasa wakili 24, kada ta wuce 40, ya kuma danƙa shata mazaɓu a hannun Hukumar Zaɓe, ba a hannun 'yan majalisa ba. Wannan hikima ce, amma doka ba ta tsaron kanta. Roƙona ga malaman makaranta da akawuna shi ne, duk ranar da kuka ji za a taɓa iyakar mazaɓa, ku nemi taswirar ku gani. Ku tambaya, don me aka cire wannan gari, don me aka shigo da wancan? Sa'an nan ku bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin. Haza wasalam.

Naku,
Mai Duban Taswira