Gidan Talaka Ba Daga Abuja Zai Zo Ba

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Haka muke yi a kan maganar muhalli. Duk lokacin da mai gida ya ƙara kuɗin haya a Tudun Wada ko Gyallesu, sai mu ɗaga kai mu zagi Abuja, mu bar waɗanda igiyar take hannunsu a nan kusa da mu. To, yau da su za mu yi magana: gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Zariya.

Wai shin me Abuja ba ta gwada ba? A 1979 gwamnatin Shehu Shagari ta yi alkawarin gidaje 40,000 duk shekara, aka gina kaɗan, da yawansu a bayan gari inda babu ruwa babu abin hawa. A 1991 aka fito da manufar gida ga kowa kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Shekarar 2000 ta zo ta wuce. Mai tura baro da mai sayar da koko ba su da takardar albashi, balle su shiga layin bashin.

Abin da ba a son faɗa shi ne, gida daga ƙasa yake farawa, ƙasa kuwa ba ta Abuja ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a filayen da ba na birni ba. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma tituna da magudanan ruwa da sa wa gidaje lamba. KASUPDA ke ba da izinin gini, KADGIS ke ba da takardar fili. Duka a gida suke.

Tudun Wada ta cika ta batse. Ɗalibai da ma'aikatan Kongo da sauran makarantu suna gasar ɗaki da magidanta, wanda ya kasa sai ya nufi gefen gari, mazaɓu irin su Dutsen Abba da Wucicciri da Dambo, inda har yanzu akwai gonaki. Yadda gari ke cin gona kuwa kowa ya sani. Magada su sayar, dillali ya zo da igiya ya yanka, kowane taku kuɗi ne, don haka ba ya barin hanyar mota, ba ya barin filin makaranta, ba ya barin inda ruwa zai bi. Talaka ya tara shekara goma ya sayi awon igiya, ya ɗora ɗaki biyu. Sai damina ta ci bangon, ko jami'i ya iso da jan fenti. Ina jami'in yake ranar da ake jan igiya? Hukumar da ba ta zuwa sai da motar rusau ba tsara gari take yi ba, hukunta talauci take yi.

Za a ce babu kuɗi. Mu ba gida muka ce a gina wa kowa ba. Cewa muka yi a riga dillali zuwa Dutsen Abba. A zauna da masu gona da masu unguwanni, a fitar da hanya da kwata da filin makaranta da na asibiti tun ƙasa tana arha, a bar wa manomi rabonsa na fulotai maimakon a ƙwace, a keɓe fadamu kada a taɓa su. A sa ruwa, a ba da takarda a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya kaɗan-kaɗan. Ginin kuwa a bar wa Bazazzage, ya san hannunsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, sai su nemi haƙƙinsu, mu kuma mu tambaye su abin da suka yi da shi.

Saura maganar da ke sa 'yan boko tsaki: ginin ƙasa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu goma a wurare da dama, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar kuwa dubu saba'in ne. Da me za a sayi bulo da rodi? Ga jar ƙasa muna takawa, ɗakinta da sanyi a bazara, da ɗumi a hunturu, ba ya jiran wutar lantarki.

Mun san abin da za a jefe mu da shi: rufin Masallacin Juma'a na Zariya da ya rufta a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka. Abin baƙin ciki ne ƙwarai. Amma a tuna Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi tun zamanin Sarki Abdulkarimu, ya tsaya kusan shekara 190. Benayen siminti nawa suka rufta a Legas kafin a shafa musu fenti? Darasin shi ne gini yana son dubawa da gyara, kowane iri ne.

Maƙwabtanmu ba su ji kunya ba. A Yamai, Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa matsattse a 2016. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar laka a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker a 2022. Mu da ke da sashen koyar da zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello, me ya hana jiha ta haɗa malamansa da maginan birni, su fitar da ƙa'idar ginin ƙasa da KASUPDA za ta amince da ita?

'Yan'uwa masu alƙalami, idan kansila ko ciyaman ya zo neman ƙuri'a, kada a tambaye shi gida nawa Abuja za ta aiko. A tambaye shi taswirar Dutsen Abba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gonakin nan kuwa ba za su jira mu ba.