Ɗurin harsashi a gida: Kafin matasan Kankiya da Kusada su fara koyon wannan sana'a

Duk wanda ya san yadda al'amura suka koma a tsakiyar Jihar Katsina cikin 'yan shekarun nan ba zai yi mamakin jin cewa saurayin da a da hankalinsa ke kan noman rani ko sana'ar acaɓa, yanzu tambayar da yake yi ita ce yadda ake sake ɗura kwanson harsashin da aka riga aka harba. Matsalar ɓarayin daji da aka saba jinta a Jibia da Batsari da Safana da Ɗanmusa ta gangaro ta Matazu da Musawa, har ta iso ƙauyukan Kankiya da Kusada, ta kuma leƙa Tsanyawa da Shanono a Jihar Kano. Harsashi ya yi tsada, samunsa ta hanyar doka ya yi wuya, ga kuma bidiyoyi birjik a YouTube da TikTok inda Bature ke zaune a garejinsa yana ɗura kwanso kamar mai ƙulla gyaɗa. Sai yaro ya ce a ransa, me zai hana ni ma?

Ba mu raina wannan tsoro ba. Mutumin da aka kore wa shanun huɗa, ko aka ɗauke masa mata ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba ya bukatar wani ɗan jarida ya koya masa zafin abin. Kuma ba shi ya fara kawo maganar ba. A watan Agustan 2021, a Jibia, Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta yi irin wannan kira, har ta ce za ta raba takardun neman lasisi. Shugabanni sun faɗi rabin magana suka bar rabi: sun ce a nemi bindiga, amma ba wanda ya ce ga inda harsashi zai fito, ga wanda zai koyar, ga wanda zai ɗauki alhaki idan abu ya lalace. Wannan giɓin ne ɗakunan samari ke neman cikewa, kuma a ganinmu hanya ce da za ta ƙara mana gawa, ba ta rage ba.

A fara da bidiyon nan da ke ruɗar yara. Gaskiya ne a Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. Amma abin da kyamara ba ta nunawa shi ne tulin tsarin da ke bayan wannan mutum. Garin da yake zubawa daga masana'anta ya fito, da suna da lamba. Ma'auninsa yana gane bambancin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba. A gefensa akwai littafin da kamfanoni irin su Lyman da Hornady suka wallafa bayan gwaji a ɗakin bincike, kuma tun 1926 akwai ƙungiyar masana'antun makamai ta SAAMI da ke ƙayyade iyakar ƙarfin da bakin kowace bindiga zai iya ɗauka. A Jamus ma sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, ka karɓi izinin riƙe garin kafin ka taɓa shi. Da duk wannan, bindiga takan fashe a hannunsu. To ina ga wanda ma'auninsa murfin kwalba ne, garinsa kuma ya saye shi a ƙulle cikin leda a bayan kasuwa, bai san ko mene ne a ciki ba?

Nan ne haɗarin ya fi yawa, kuma nan ne ya kamata iyaye su buɗe kunne. Albarushin gargajiya da mafarauta suka gada da garin da ke cikin harsashin zamani ba abu ɗaya ba ne, ko da sun yi kama a ido. Na zamani yana haifar da matsin da ya ninka na gargajiya nesa ba kusa ba. Bindigar da maƙeri ya yi da bututun ƙarfe don ta ɗauki albarushi, idan aka ba ta garin zamani, ko aka cakuɗa biyun, ko hannu ya ɗan zarce wajen awo, ba gaba take harbi ba, a fuskar mai ita take tashi. Yatsu ne ke fara tafiya, sai ido. Akwai kuma harsashin da ke yin jinkiri: an ja kunama bai tashi ba, sabon shiga ya juyo da baki ya leƙa ya ga me ya faru. Tsofaffin mafarauta sun san wannan, shi ya sa ba sa barin yaro ya riƙe bindiga sai ya shekara da shekaru yana ɗaukar jaka a bayansu. Bidiyo na minti uku ba ya maye gurbin wannan tarbiyya.

Sannan a dubi inda za a yi aikin. Gidanmu na karkara ba gareji ba ne. Ɗaki ɗaya ne ga katifa, ga galan ɗin fetur na babur, ga maganin sauro a kunne, waje kuma ga murhu, ga dangar kara, ga rumbu cike da amfanin shekara. A lokacin hunturu, da komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa.

Akwai wata cutar da ba ta da ƙara, wadda kusan ba a maganarta: dalma. Mai ɗurin harsashi a gida yakan kai ga narka dalma, sau da yawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe, wani lokaci ma a cikin tukunyar da za ta koma madafa. Mu a wannan yanki ba mu da uzurin cewa ba mu san abin da dalma ke yi ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara sama da 400 suka mutu saboda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da ake dakawa a cikin gidaje, waɗanda suka rayu kuma da yawansu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Uban da ke narka ta don ya kare iyalinsa daga ɓarawo, yana iya zama shi ke shayar da su guba a hankali, bai sani ba.

Ga kuma doka, wadda da yawa ba su san abin da ta ce ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Manyan makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki kuwa, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke da hurumi a kanta. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta hana riƙe harsashi ba tare da izini ba, ta kuma hana ƙera ko haɗa bindiga ko harsashi a wajen wuraren da hukuma ta amince da su, da hukuncin ɗaurin shekara goma. Wato saurayin da aka kama da buhun kwanso da gari a shingen bincike na hanyar Kano zuwa Katsina, ko ta Yashe zuwa Funtua, ba za a tambaye shi niyyarsa ba. A takardar tuhuma, shi da mai kai wa ɓarayi harsashi layi ɗaya za su hau. Ƙasar ma ta kai inda ba ta bambance mafarauci da mai laifi: mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, bindigogin gargajiya ne kawai aka gani a motarsu.

Wani zai ce, to a zauna a jira mutuwa ke nan? Ba haka muke cewa ba. Amma a yi lissafi na gaskiya. Ɓarayin nan da AK-47 suke zuwa, bisa babura da yawa. Harsashin da aka ɗura a ɗaki, wanda ba a da tabbacin zai tashi, ba ya daidaita wannan faɗa. Abin da yake yi shi ne ya ba yaro ƙarfin halin da zai fito fili a lokacin da ya kamata ya ɓoye. Kuma harsashin da ba shi da lamba, ba shi da rajista, ba ya zama a hannu ɗaya. Yau na tsaron gari ne, gobe ya shiga rikicin gona, jibi ya shiga siyasa, wata rana kuma mai kai rahoto ya saya ya miƙa daji. Zamfara ta nuna mana yadda 'yan sa-kan da ba su da mai tsawata musu suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, da yadda hakan ya zama man da ya ƙara rura wutar da har yau ba ta mutu ba. Kankiya da Kusada ƙasa ce da Bahaushe da Bafulatani suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Ba su da abin da za su ci riba da shi a wannan tafarki.

Nauyin yana kan gwamnati, kuma tana da kayan aikin a hannu. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da mutum 1,466 a rukunin farko. Ko me za a ce game da gazawarta, tsari ne da ke da horo, da albashi, da shugaban da za a tuhuma. Duk saurayin Rimaye ko Tafashiya ko Yashe ko Mawashi da ke jin zai iya tsayawa wa garinsu, nan ya kamata ƙofa ta buɗe masa, a tantance shi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, a ba shi harsashin masana'anta da aka ƙirga aka rubuta, ya dawo da kwanso a sake ƙirgawa. Kamfanin ƙera makamai na DICON yana Kaduna tun 1964, an kuma sabunta dokarsa a 2023. Abin kunya ne a ce ƙasar da ke da irin wannan masana'anta, 'yan sintirin da ta amince da su suna neman harsashi a bayan fage.

Mafarautan gargajiya kuma a daina yi musu kallon kowa-ya-sani-amma-ba-a-faɗa. Kwamishinan 'Yan Sanda yana da ikon yi wa bindigar gargajiya rajista; a zauna da sarakunan baka da sarakunan maƙera na gundumomin nan, a rubuta wa ke da me, wa ke ƙerawa, wa ke sayar da albarushi, a kuma ɗora musu alhakin kada su sayar wa yaro ko baƙon da ba a san asalinsa ba. Waɗannan dattawa sun fi kowa sanin wanda ya fara tambayar gari kwanan nan. Cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ta fi yin taro a otal-otal na birni. Aikinta na gaske yana irin waɗannan kasuwannin ƙauye. Makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya ma tana da ɗalibai da za su iya zagaya unguwanni su yi wa mata bayanin dalma, domin uwa ce ke fara ganin tukunyar da aka ɗauka daga madafa.

Akwai abu ɗaya da muke roƙon iyaye su riƙe tun yau. Idan tsautsayi ya faru, bindiga ta fashe a hannun yaro, kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye shi a ɗaki ana shafa masa maganin gargajiya har hannu ya ruɓe. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda ya samu raunin harbi ya yi masa magani nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, ba kuma sai an fara biyan kuɗi ba. Asibitin zai sanar da hukuma daga baya, kuma za a yi tambayoyi. A kai shi Babban Asibitin Kankiya a cikin awar farko. Idan raunin ya fi ƙarfinsu, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tafiyar kusan awa guda ce a mota.