Allurar Sabunta Gaɓɓai: Sai An Gwada A Kan San Na Ƙwarai

Ciwon gwiwa ya zama ruwan dare a cikin ma'aikata. Malamin makaranta wanda ya shekara ashirin yana tsaye gaban allo, da akawu wanda ya ke wuni a kan kujera har jiki ya yi nauyi, da saurayin da ya yi targaɗe wajen ƙwallo a Dandalin Murtala, duk kukansu ɗaya ne. Wanda ya ke so ya ga yawan abin, sai ya duba gefen sahu a Masallacin Sultan Bello ran Juma'a, ya ƙidaya dattawan da su ke salla a kan kujera don gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

To, ana nan sai ga wani sabon labari ya shigo Kaduna ta wayoyin hannu, wai an sami allurar da za ta sabunta gaɓar da ta cinye, ba fiɗa, ba kwanciya asibiti. Tun da ya ke masu albashi ne a ke kwaɗaitarwa da ita, ya kamata mu faɗa wa masu karatunmu abin da a ka tabbatar game da ita, da abin da har yanzu fata ne kawai.

Allurar iri biyu ce. Ta farko, wadda likitoci ke kira PRP, daga jinin mutum a ke yinta. A kan ɗebi jininsa kaɗan, a sa a wata na'ura mai juyawa kamar mazari, har ƙananan ƙwayoyin nan masu sa jini ya daskare a bakin rauni su taru wuri guda, sa'an nan a tsira su cikin gaɓar. Ta biyu kuwa, a kan zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, ko kitse daga ciki, don a sami ƙwayoyin asali, watau waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙashi ko guringuntsi. Dabarar ba ta banza ba ce. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa in ya goge ba ya tohowa kamar yadda fata ke yi. Wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya lura da haka tun 1743. Masana su ka ce, tun da jiki ba ya kai kayan gyara wurin, bari mu kai masa da allura.

Amma dabara daban, warkewa daban. A 2021 likitocin ƙasar Ostareliya sun bayyana sakamakon wani gwaji da su ka yi da mutum 288 masu ciwon gwiwa. Rabinsu an yi musu allurar PRP sau uku, rabi kuma ruwan gishiri a ka tsira musu, ba wanda ya san abin da ya samu. Bayan wata 12 a ka auna, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, ko wajen zafi ko wajen kaurin guringuntsi. Abin lura shi ne, har waɗanda su ka sami ruwan gishiri sun ce sun ji sauƙi. Saboda haka in abokin aikinka ya rantse maka allura ta yi masa amfani, ba ƙarya ya ke yi ba, sai dai shaidarsa ba ta isa hujja ba. Lalle akwai wasu gwaje-gwaje da su ka nuna ɗan sauƙi na 'yan watanni, kuma masana na ta bincike. Duk da haka, a 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi kada a yi wa masu cinyewar gwiwa ko ƙugu ko ɗaya daga cikin alluran nan biyu.

Kada kuma a ce allura ce kawai, ba ta da haɗari. A 2018 a can Amurka mutum 12 su ka kwanta asibiti saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jikinsu ta allurar da a ka haɗa da jinin cibiyar jarirai, wasunsu kuwa don ciwon gaɓa a ka yi musu. In haka ta faru inda a ke da tsananin sa ido, ina ga ɗakin da ke bayan kantin magani?

Ba mu ce wannan ilmi ba shi da gaba ba. A Faransa, Dakta Philippe Hernigou ya nuna a 2002 cewa zuba ɓargon mutum cikin kan ƙashin cinya wanda ya fara mutuwa yana taimakawa in an yi da wuri, kafin ƙashin ya lotsa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don irin lalacewar da ke damun masu sikila ke nan, su kuwa Allah ya yi yawa da su a ƙasarmu. Amma shi wannan aiki ne na ɗakin fiɗa, a hannun gwanin ƙashi.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsoron wuƙa. Shi ne ya daɗe yana kai mutanenmu wurin maɗori da karayar da ta fi ƙarfin kara da tsumma, ko wurin wanzami a yi ƙaho a gwiwar da ke cike da mugunya, sai abu ya lalace a kwaso mutum zuwa asibiti. Mai tallar allura ya san wannan tsoro, da shi ya ke ciniki. Jijiyar gwiwa da ta tsinke, ko gaɓar da ta kumbura da zazzaɓi, ba su jiran mutum ya gama gwada magunguna. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Shawararmu ga malamai da akawuna ita ce, a fara zuwa a san sunan ciwon. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, ga na Shika a Zariya, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda ya ke aiki tun 1959. A ɗauki hoton ƙashi, a ga masu gashin ƙashi su koya wa mutum motsa jikin da zai ƙarfafa naman cinya. Mai ƙiba ya rage, don an auna an ga kowane kilo guda da ya zube yana sauke wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taku. Wannan magani ba shi da mai talla, don ba a cin riba da shi. Wanda likitansa ya ga ya dace ya gwada allurar bayan duk wannan, to, ya tambayi abin da za a tsira masa, da kuɗin duka kafin a fara, ya kuma tabbata mai yin yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya. Kada ya ci bashin albashin wata uku a kan alkawarin sabon guringuntsi.

Muna kuma roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta haɗa kai da hukumar NAFDAC, su bincika duk inda a ke tallar wannan allura, su tilasta a rubuta wa majinyaci da Hausa cewa har yanzu gwaji ce, ya karanta ya sa hannu kafin a karɓi kuɗinsa.