Ranar Hutun Lebura Haƙƙin Yaransa Ce

Matashin da ke aikin kamfani a Sharaɗa, Challawa ko Bompai yakan fita da sassafe, kafin ya dawo 'ya'yansa ko ƙannensa sun yi barci. Ranar hutu kuma sai zaman majalisa ya cinye ta. Wannan sakaci ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfin albashin lebura ba.

Lallai Kano ba ta da bakin teku irin na Legas, amma tana da abin nuna wa yaro. Ga Dutsen Dala, inda tarihin birnin ya faro. Ga Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ga karofin Ƙofar Mata. Mai son ganin ruwa kuwa, ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kogin Challawa dai kada a kai yara wanka cikinsa, domin dagwalon masana'antun fata ya gurɓata shi.

Yaron da babba bai kama hannunsa ya zaga da shi ba, abokan banza ne za su zaga da shi. Don haka a ware rana guda a wata, a dafa abinci daga gida, a fita da yara.