Kwas na Kwana Uku Zai Iya Buɗe Bakin Mai Tsoron Taro?

A kowace shekara, a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, akan sami ɗalibin da ya shafe watanni yana rubuta kundin bincikensa, ya san abin da ke ciki kamar yunwar cikinsa, amma ranar da zai kare shi a gaban malamai sai harshe ya sarƙe, gumi ya karyo masa. Haka akan sami 'yar kasuwa mai ƙwaƙƙwarar hujja a taron ƙungiya, ta yi shiru har a yanke shawarar da za ta cuce ta. Irin waɗannan mutane ne ake tallata wa gajerun kwasa-kwasan koyon jawabi a Facebook da WhatsApp: kwana uku ko mako biyu, da alƙawarin takardar shaida a ƙarshe. Waɗannan kwasa-kwasai suna da amfani, amma bisa sharaɗi guda, wato ɗalibi ya fi malami yawan magana a cikin ajin.

Tarihin wannan sana'a shi ne shaida ta farko. A shekarar 1912 Dale Carnegie ya fara koyar da jawabi da dare a ƙungiyar YMCA ta birnin New York a Amurka. A zaman farko abin da ya shirya faɗa ya ƙare tun lokaci bai cika ba, sai ya nemi ɗalibansa su miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi magana kan wani abu da ke ɓata masa rai. Ya lura cewa wanda ke magana kan abin da ya dame shi yakan manta da tsoron mutane. A kan wannan ya gina kwas ɗin da har yau ake gudanarwa da sunansa. Bayan shekara 12, a 1924, Ralph Smedley ya kafa ƙungiyar Toastmasters a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya. A tsarinta, jawabin farko na sabon mamba minti 4 zuwa 6 ne, kuma a kan kansa yake yin sa. Akwai mai kula da lokaci, da mai ƙirga "am" da "e'e" da ke cika bakin mai magana, da wanda zai tashi ya faɗi inda aka dace da inda aka kuskure. Akan kuma jefa wa mutum tambaya ba shiri, ya amsa cikin minti 1 zuwa 2.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki yana cikin jikin ɗan Adam. Idan idanu suka yi wa mutum caa, jiki yakan ɗauki abin a matsayin haɗari: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, miyau ya ƙafe, murya ta yi rawa. Nasiha ba ta kwantar da wannan hali. Maimaici ne ke kwantar da shi, domin duk lokacin da mutum ya miƙe ya yi magana ya zauna lafiya, jikinsa yana ƙara sabawa. Don haka kwas ɗin da malami zai kwashe kwana uku yana nuna hotuna a allo, a ba ɗalibai 60 damar magana sau ɗaya a ranar ƙarshe, ya cinye kuɗin mutane ne kawai. Aji na mutum 12 da kowa zai miƙe sau biyu a kowane zama ya fi shi nesa ba kusa ba.

Akwai abin da gajeren kwas zai iya bayarwa: yadda ake tsayar da manufa ɗaya, a jera mata hujjoji, a daidaita numfashi, a kuma tsaya idan lokaci ya cika. Abin da ba zai iya bayarwa ba shi ne abin faɗa. Wanda bai yi karatu ba, bai saurari kowa ba, bai yi tunani ba, idan aka cire masa tsoro sai ya zama mai surutu, alhali magana zarar bunu ce.

A ƙasar Hausa kuma akwai ƙarin matsala. Yawancin darussan an kwaso su ne daga littattafan Turawa, inda ake cewa mai jawabi ya kalli kowa ido cikin ido. Matashin da ya yi wa dattawan unguwa haka, ya shiga magana ba gaisuwa, ya ɓata hujjarsa tun kafin ya kawo ta. Malami nagari yakan bambance kunya da tsoro: kunya ladabi ce da ke ƙara wa magana kwarjini, tsoro ne ke toshe baki. Haka batun harshe. Wanda zai yi bayani a taron manoma ko a gaban mai unguwa da Hausa zai yi, saboda haka da Hausa ya kamata ya yi atisaye.

Arewa ba baƙuwa ba ce ga wannan hanya. A shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda ke haɗuwa a zauren tattaunawa na Bauci, ana muhawara kan al'amuran mulki. Ɗaya daga cikinsu ne ya yi jawabin 'yancin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, mutumin da ake wa laƙabi da mai muryar zinariya.

Kafin mutum ya biya kuɗin kwas, ya dace ya yi tambaya uku: ɗalibai nawa ne a aji, sau nawa zai miƙe ya yi magana, kuma wa zai gyara masa kuskurensa. Idan an kammala, ya nemi abokai biyar ko shida su riƙa haɗuwa kowane mako, a ba kowa minti biyar. Takardar shaida jaka za ta shiga, amma ranar taro bakin da ya saba ne kaɗai zai buɗe.