Kada a Ci Moriyar Ganga a Yar da Kwaurenta

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana gadin makarantar da nake koyarwa a Kakuri. Yara ba su san sunansa ba, Baba kawai suke ce masa. Wata rana bayan an tashi, ya tare ni a bakin ƙofa da leda cike da takardu, ya ce, "Malam, taimake ni da rubutun wasiƙa, idona ya yi rauni." Wasiƙar neman fansho ce. Ya shiga soja a nan Kaduna a 1968 yana ɗan shekara 19, aka ba shi horon makonni kaɗan, aka tura shi fagen fama. Yana cikin dakarun Runduna ta Ɗaya da suka shiga Umuahia a watan Afrilun 1969. An sallame shi a 1979 da ɗan kuɗin sallama, tun daga ranar kuwa bai ƙara ganin ko kwabo ba. Takardar sallamarsa ta ƙone tare da ɗakinsa a rikicin shekarar 2000. Lambarsa ta soja kaɗai ta rage masa, ita ma a ka, yana karanto ta ba gargada.

Ba shi kaɗai ba ne. Kafin Yaƙin Basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, sun kai wajen 250,000. Waɗannan dubbai 'ya'yan manoma ne da leburori da 'yan makaranta da suka amsa kiran ƙasa. Da ƙura ta lafa, gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe runduna mai girman haka ba, sai ta shiga rage ta. Dokar fansho ta 1979 ta gindaya shekara 15 kafin mutum ya cancanci fansho, sai a 1992 aka rage zuwa 10. Wanda ya shiga a 1968 aka sallame shi a 1979 shekara 11 ya yi. A tsohuwar doka bai kai ba, sabuwa kuma ta zo bayan ya tuɓe kaki. A wannan rami tsofaffi da yawa suka faɗa, shi ya sa ake ganinsu da kwalaye a titunan Abuja da Ibadan, suna dogara sanda.

Da yawansu a wannan tsallaken kogi suka yi zango, suna gadi da leburanci a masaƙun Kakuri. Da masaƙar KTL ta rufe a 2002, wasu ma suka bi sahu, sai tsohon soja ya zama tsohon ma'aikacin masaƙa mai jiran haƙƙi. Mutum ɗaya, bashi biyu.

Na san abin da za a ce. Za a ce doka doka ce. To amma mutane ne suka rubuta ta, kuma an taɓa gyara ta domin adalci. A shekarar 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar da aka yi wa sojoji da 'yan sandan da suka yi wa Biyafara aiki ta zama ritaya, a 2017 kuma gwamnatin Shugaba Buhari ta amince a biya tsofaffin 'yan sandan fanshonsu. Wannan mataki ya yi daidai, domin da irinsa ake ɗinke ɓaraka. Sai dai idan ƙasa ta iya yin sassauci ga waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren, me ya hana ta cike giɓin shekara huɗu ga waɗanda suka ɗauki bindiga a ƙarƙashin tutarta?

Za a kuma ce akwai 'yan fansho na bogi. Gaskiya ne, akwai su. Amma rajistar sojoji tana hannun hukuma, ba ta ɗakin tsohon da gobara ta cinye. Wanda ya kawo lamba da sunan bataliyarsa, aikin hukuma ne ta buɗe kundi ta duba. Ba adalci ba ne a ce ɗan shekara 75 ya ci bashin kuɗin mota zuwa Abuja, ya kwana a tasha, a ce masa ya dawo wani watan.

Jinkiri ma wata hanya ce ta ƙin biya. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka a 1959, cikinsu har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ba ta daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011. Kafin nan ƙasa ta rufe idon mafi yawansu. Bai kamata mu yi wa namu abin da muke zargin 'yan mulkin mallaka da shi ba.

Wannan magana ba ta tsaya ga jiya ba. Tun 2013 'yan kato-da-gora suke tunkarar Boko Haram a Borno. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, mu ma muna da 'yan sintirin KADVS. Wasu daga cikin waɗannan samari ɗalibanmu ne na jiya. Idan sojan da ke da lamba da bataliya ya tsufa yana yawo da leda, ina ga ɗan sa-kai? Tilas ne a rubuta sunayensu yau, a fayyace a doka abin da za su samu idan sun naƙasa ko sun tsufa, da abin da iyalinsu za su samu idan sun rasu.

'Yan'uwana malamai, mu ne muka fi kowa sanin layin tantancewa. Mun ga shugabannin makarantun da suka koya mana aiki suna zaune a rana da fayil a cinya, wasu sun rasu ba su karɓa ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka nake roƙon reshenmu ya kafa ƙaramin kwamiti. A zaga Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, ta hannun masu unguwanni da masallatai da majami'u, a rubuta sunan kowane tsohon sojan da ba ya karɓar fansho, da lambarsa da shekarar shigarsa da ta sallamarsa. A miƙa jerin ga Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji da Hukumar Fanshon Soja da wakilanmu a Majalisar Tarayya, da buƙatar a gyara doka ta haɗa da su. Alƙalami da takarda kawai aikin yake buƙata, su kuwa muna da su.

Na rubuta wa Baba wasiƙarsa, ya dangwala yatsa, muka aika. Kowace safiya idan na shigo yakan tambaye ni, "Malam, amsa ta zo?" Ina so wata rana in ce masa ta zo, tun yana da rai.