Jinsang: in saiwa ta zama gari, wa zai shaide ta?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin shayi ko ƙwayoyin ƙarin kuzari daga ƙasar Sin ya san sunan jinsang. Abin da kwalin ba ya faɗi kullum shi ne, saiwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta Asiya, wadda ake nomawa a Koriya da arewa maso gabashin Sin. Akwai ta Amurka, wadda wani fada Bafaranshe, Lafitau, ya gano kusa da Montréal a shekara ta 1716, yanzu kuma ana noma ta a Wisconsin da Ontario. Masu maganin gargajiya na Sin suna cewa ta farko mai zafi ce, ta biyu mai sanyi, zancen da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Aikinsu daban, kuɗinsu ma daban.

Muddin saiwa tana ɗungum, gwani yana iya rarrabe su da ido. Amma da an yanyanka ta ko an daka, sai algus ya samu ƙofa.

A nan ne gwajin ADN, wato tambarin gado da ke cikin ƙwayoyin kowace halitta, ya shigo. Tun shekara ta 1995 masu bincike na wata jami'a a Hong Kong, babbar kasuwar jinsang, suka nuna hanyar. Ana ɗebo ɗan gari, a tsamo ADN ɗinsa, a ninka wani guntu nasa sau miliyoyi cikin na'ura, sannan a gwama shi da na saiwar da aka tabbatar da asalinta. Inda tambarin ya saɓa, ƙarya ta ƙare.

Sai dai gwajin yana da iyaka. A shekara ta 2015 babban lauyan gwamnatin jihar New York ya zargi manyan kantuna huɗu da saida ƙwayoyin tsirrai, har da na jinsang, waɗanda ba a samu ADN ɗin tsiron cikinsu ba. Masana da dama suka ce a dakata: in an tatse saiwa da zafi da barasa, ADN yana lalacewa ko da maganin yana nan. Don haka ake haɗawa da gwajin sinadari, tun da ta Asiya tana ɗauke da wani sinadari, Rf, wanda ta Amurka ba ta da shi.

Mai odar kwantena ba ya da ɗakin bincike, amma yana da ikon neman takardar gwaji, kuma ya ga sunan irin a rubuce: Panax ginseng ko Panax quinquefolius. Wadda ake kira “jinsang ta Siberiya” ba Panax ba ce sam, kuma tun 2002 dokar Amurka ta hana a saida ta da wannan suna.